Makuba, Siminti, Kwano ko Bulo: Wanne Ya Dace da Tsohon Gidanku na Cikin Birnin Zariya?

Duk wanda ya gaji tsohon gidan ƙasa a cikin ganuwar Zariya, a Kwarbai ne, ko Kusfa, ko Anguwan Juma, ko Limancin Kona, akwai ranar da za a tara 'yan gida a zaure a ce gyara ya zama dole. A nan kawuna ke rabuwa. Wani ya ce a kira birkila ya shafe ko'ina da siminti, a huta da yaɓen kowace shekara. Wani ya ce a rushe kawai a tayar da bulo. Hajiya kuma ta ce ita dai kada a taɓa mata soronta, don ba za ta iya kwana a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu ba. Mu ma an yi wannan zama a gidanmu. Karon farko mun zaɓi abin da bai dace ba, kuma mun ji a aljihunmu. Shi ya sa na ga ya kamata in jero hanyoyi huɗu da mutane ke bi, in auna kowace da ma'auni iri ɗaya, don mai gida ya san abin da zai saya da kuɗinsa.

Abin da za a auna kafin a sauke buhu ko ɗaya

Bangon ƙasa ba tsufa ke kashe shi ba, ruwa ne. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Satumba, kuma Agusta ce uwar malka. Ta wuri biyu ruwan ke shiga: ta kai, idan rufi ya tsage ko indararo ya toshe, da kuma ta gindi, idan ruwan lungu yana kwanciya jikin bango. Yawancin tsofaffin lungunan cikin gari sun ɗaga sama saboda ciko da shara na shekaru, har wani zauren sai ka gangara kafin ka shiga. Duk adon da za a yi wa gida, in ba a magance waɗannan wurare biyu ba, kitso ne a kan ƙwarƙwata.

Ma'aunin farko kuɗi ne, amma kuɗin gida biyu ne: wanda za ka fitar yanzu, da wanda za ka riƙa fitarwa duk rani. Mutane da yawa na farkon kawai suke lissafawa. Na biyu ƙarko, kuma ba ina nufin tsawon lokacin da fuskar gida za ta yi tana sheƙi ba, ina nufin shekarun da bangon da ke ɗauke da rufi zai ƙara yana tsaye. Na uku sauƙi: za a samu magini da kayan aiki ba tare da an sha wuya ba? Na huɗu haɗari, wato me zai iya faɗo wa mutane, kuma zai nuna alama kafin ya faɗo ko kuwa shiru zai yi? Na ƙarshe shi ne kama. In an gama aiki, ɗan gidan da ya yi shekara ashirin a Legas zai gane ƙofar gidan kakansa? Cikin wannan ma'auni na sa sanyin ɗaki, domin a wurina sanyin soro da rana tsaka yana cikin abin da aka gada, daidai da zanko, wato ƙahon adon da ke kusurwar saman gini, da dagi.

Hanya ta farko: yaɓen ƙasa, makuba da zanen hannu

Wannan ita ce hanyar da aka gina gidan da ita tun asali. Ana samo birji, wato jar ƙasar gini, a kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana biyu ya yi danƙo, sannan a yaɓe bango. A kan yaɓen ake shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a haɗa ruwan da jar ƙasa. Ita ke ba tsofaffin gidaje launin nan ja mai duhu, kuma ita ke sa ruwa ya zame daga bango maimakon ya shige. Idan ka lura da tsohon bango za ka ga shatar tafin hannun magini a lanƙwashe, layi bisa layi. Wannan shatar kanta ado ce, kuma babu fentin da zai ba ka ita.

Saman rufi, rawani (ɗan bangon da ya zagaye saman rufi) da bakin indararo kuwa, inda ruwa ya fi duka, magabata laso suke shafawa: katsi, wato ragowar shuni da ke kwanciya a ramin marina, gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Ya fi makuba tauri, ya kuma fi ta daɗewa.

Zanen ƙofar zaure ana fitar da shi ne tun ƙasa na ɗanya. Magini ya ɗora ƙasa, ya bi da yatsa da tafin hannu har siffa ta taso: dagi, takobi, allo, da layukan da ke zagaye ƙofa kamar aikin wuyan babbar riga. Kyawunsa yana cikin inuwa. Da hantsi ka ga zanen wata kama, da la'asar sakaliya ka gan shi wata kama dabam, ko da ba a sa masa launi ba. A ciki kuma a shafe bango da farar ƙasa, a bar ɗaurin guga da bakan gizo, wato lanƙwasassun bakunan da ke ɗauke da rufi, a fili, ido na ganinsu.

Kuɗinta fa? Kayan ba su da tsada a karan kansu, amma an wuce zamanin da za a ɗebo ƙasa a kududdufin bayan gida, domin yawancinsu an cike an yi gini. Yanzu sai an sayi tifa, kuma in lungu ya matse sai an yi dako da baro daga bakin titi. A nan zan roƙi arziki: kada a aika yara ɗebo ƙasa daga jikin ganuwa. Ganuwar Zariya tana cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta kare, kuma abin da ya rage mata kaɗan ne. Kuɗin hannu shi ne babba, sannan ga na shekara-shekara: kowane rani sai an hau rufi an toshe tsaga, an gyara rawani, an share indararo, kuma bayan damina biyu ko uku makuba na neman sabuntawa, musamman a bangon da ke fuskantar gabas, inda hadari ke tasowa.

Ƙarko kuwa ba abin gardama ba ne. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara aka yi shi, kuma bakan gizonsa sun ɗauki rufi shekaru kusan 190. Saboda darajar aikin ne aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Amma shi wannan masallaci ne wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023, ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Duk mai tsohon soro a garin nan ya san abin da ya ji a ransa ran nan. Rufin ƙasa nauyi ne da shi, kuma in ya sha ruwa nauyin ƙaruwa yake. Alherinsa ɗaya: idan ba a rufe shi da wani abu ba, yakan yi magana kafin ya gaza. Za ka ga tsaga, ka ga ɗigo, ka ga ƙasa na zuba daga tsakanin azara, ka ga shatar gara. Mai ido a gida zai gani da wuri.

Inda wannan hanya ta fi ba da wahala shi ne wajen sauƙi. Maginan da suka iya ɗaurin baka sun yi ƙaranci, yawancinsu dattawa ne, 'ya'yansu kuma sun koma bulo. Mai iya yaɓe ana samu, amma mai iya kwance bakan gizo ya mayar ba kowa ba ne, sai an bi ta gidajen da suka gaji gini an yi tambaya. Katsi ya yi wuya tunda marinu suka mutu. Azara ma daga nesa ake kawo ta, don giginya ba ta girma da wuri, kuma an sare da yawa. In za ka saya, nemi mai duhu, mai nauyi, wadda aka tsaga daga bayan itacen, ita ce gara ba ta cika iyawa da ita ba. Mai fari-fari mai laushi ta ciki ce, ba ta daɗewa. Ka kuma sani azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da faɗin ƙafa 6 ko kusa da haka, shi ya sa magabata suka ƙirƙiro baka da ginshiƙi. Duk maginin da ya ce zai faɗaɗa maka ɗaki da miƙaƙƙiyar azara, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Hanya ta biyu: shafen siminti da fenti a kan bangon ƙasa

Dole in yi wa siminti adalci, domin shi ma ya yi tarihi a Zariya. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce magina suka fara zana fuskar gida a jikin ɗanyen siminti, suna tsaga shi da ƙarfe, suna bi da launi. A lokacin ne keke, mota, agogo da jirgin sama suka shiga cikin zane, kusa da dagi da takobi. Gidajen 'yan kasuwa a cikin gari da Tudun Wada sun yi suna da wannan, kuma launukan da ke ƙofar fadar Zazzau sun sa ido ya saba da ado mai kala. Idan gidanku yana da irin wannan zane tun na kaka, to shi ne asalinsa. Kada wani ya ɓamɓare shi da sunan komawa gargajiya. A like inda ya saki, a sabunta launin da yake da shi, a bar keken nan a wurinsa.

Matsalar tana ga sabon shafe, na bango gaba ɗaya, ciki da waje. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa riƙewa yake yi. Haka nan zafin rana da sanyin dare ba sa motsa su daidai da juna, don haka a hankali siminti ke rabuwa da bango, ya yi 'yar tsaga kamar gashi. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana jiƙa tubali. Gara kuma ta samu duhu da laima, abin da take nema ke nan. Daga waje gida fes, daga ciki bango na zama kunu.

Abin da ya same mu ke nan. Mun shafe bangon zaure da na ɗakin da ke kusa da shi, aka yi fentin mai, kowa ya zo yana sa albarka. A damina ta huɗu, da asuba, wani falle mai girman ƙyaure ya ɓallo ya faɗi a daidai inda yara ke zaman karatun allo da safe. Allah ya kiyaye babu kowa a wurin. Da muka duba bayansa, ƙasar tana da laushin da yatsa ke shiga. Wani dattijon magini da muka kira daga baya bai ce komai ba sai da ya zagaya bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Inda ya yi ƙara kamar ƙwarya, sai ya yi shata da gawayi. Fiye da rabin bangon ya sha gawayi. Wannan gwaji kowa na iya yin sa a gidansa yau, ba ya buƙatar ko sisi.

Kuɗin farko ya fi na yaɓe, tunda a 2024 buhun siminti ya taɓa haura naira 10,000, ga yashi, ga fenti. Abin da ke jan mutane shi ne shekarun farko babu kashe kuɗi, kuma birkila ko'ina akwai shi. Ta fuskar sauƙi babu hanyar da ta kai ta. Ta fuskar haɗari kuma babu wadda ta fi ta muni, saboda tana ɓoye ciwo.

In ya zama dole a yi, akwai abin da ke rage ɓarna. A tsaya ga fuskar ƙofar gida kawai, a bar sauran bango da cikin ɗaki suna numfashi. A buga wayar kaji da dogayen ƙusoshi kafin shafe, don siminti ya samu abin kamawa. A yawaita yashi a kwaɓin, kada ya yi ƙarfi da yawa. A rufe saman shafen da kyau ta yadda ruwa ba zai bi ta bayansa ba. A yi amfani da fentin ruwa, a guji na mai. Duk da haka ragewa ne kawai, ba warkarwa ba.

Hanya ta uku: a bar ƙasa, a kare kanta da gindinta

Ita muka koma bayan abin da ya faru, kuma ita na fi yarda da ita ga yawancin gidaje. Bango ya zauna a ƙasarsa da makubarsa ko farar ƙasa, amma a kawo kayan zamani wurare biyun da ruwa ke shiga.

A gindi, a zagaya bango da dakali na dutse ko bulo, mai ɗan gangara zuwa waje, a yi kwata mai zurfi ta kwashe ruwan indararo zuwa lambatu. Dakalin ya zama wurin zama da yamma, kamar yadda aka saba, kuma ya hana ruwan da ke fallatsa daga ƙasa cin gindin bango. Wannan aikin shi ne mafi arha a duk abin da na ambata, kuma shi ne mafi amfani.

A sama, kwano. Amma kwano iri biyu ake sa wa tsohon gida, kuma bambancinsu babba ne. Na ɗaya, a kwashe rufin ƙasa da azara, a ɗora katako da kwano, a yi silin. Wannan ya kashe soro: ɗaurin guga ya tafi, sanyi ya tafi, sai sunan tsohon gida. Na biyu, a bar rufin ƙasa yadda yake, a gyara shi, sannan a ɗora kwano a samansa kamar laima, da ɗan fili a tsakani don iska ta ratsa. Mai zama a ɗaki yana ganin bakansa, yana jin sanyinsa, ba ya jin ƙarar ruwa, rufin kuma ya daina jiƙa. Na biyun nake nufi.

Akwai zaɓi a cikinsa. Wasu suna ɓoye kwanon a bayan rawani don daga titi a ga zankwaye kawai. Ya fi kyau a ido, babu shakka. Sai dai duk ruwan rufin zai taru ne a magudanar da ke bayan rawanin, kuma ranar da ganyen darbejiya ko leda suka toshe ta, ruwan gaba ɗaya cikin bango zai sauka. Wasu kuma suna barin bakin kwano ya zarce bango da kamar kamu ɗaya, ya zubar da ruwa nesa. Wannan ya fi aminci, amma yana cinye zankwaye, gida ya yi kama da mai hular kwano. Abin da muka yi mu shi ne: zaure, wanda shi ne fuskar gida, muka ɓoye nasa a bayan rawani, muka faɗaɗa magudana, kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakin hawa ya share kafin ruwan farko da kuma tsakiyar Agusta. Ɗakunan cikin gida kuwa muka bar bakin kwano ya fito.

Haɗarinta iska ce. Guguwar farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, tana yaye rufi a garin nan kusan kowace shekara, kuma ƙusa ba ta riƙe katako a jikin ƙasa. Dole kafinta ya ɗaure katakon da waya mai kauri ko ƙarfe da ya shiga can cikin bango, kuma magini ya nuna masa inda zai huda, kada ya dace da ƙafar baka. Kafinta shi kaɗai ba zai yi wannan aiki ba, magini shi kaɗai ma haka. Sai an haɗa su, an kuma zauna a kansu. Abu na biyu, tunda rufin ƙasa ya shiga ƙarƙashin kwano, ido ya daina ganinsa, don haka a bar ƙofar leƙawa. Kuɗin farko yana da ɗan nauyi saboda kwano da katako, kuma a nan ne ba na ba da shawarar langa-langa mara kauri, araha ba ta ado. Amma na shekara-shekara yana raguwa sosai, domin makubar da ruwa ba ya duka kai tsaye tana daɗewa.

Hanya ta huɗu: a rushe, a tayar da bulo mai kama da na da

Ba zan daɗe a nan ba. Ita ce mafi tsada, kuma ba gyara ba ce, sabon gida ne. Ana iya yi masa zankwaye na siminti, a zana dagi a ƙofa, daga nesa ya yi kama. Amma bulo mai inci 6 ko 9 ba ya riƙe sanyi kamar bangon da kaurin gindinsa ya kusa mita 1, don haka za a koma neman fanka da wuta. Ƙarko yana da shi idan an zuba ƙarfe da siminti yadda ya kamata, ma'aikata kuma ga su nan birjik. Akwai inda ita ce gaskiya: bango ya karkata, ko tsaga ta ratsa daga sama har ƙasa hannu na shiga, ko ƙafar baka ta ruɓe. Rai ya fi gini. Kafin a yanke wannan hukunci dai, a samu tsohon magini da injiniya su duba tare. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da sashenta na zanen gine-gine a Samaru, ba a rasa wanda ya san ginin ƙasa. Kuma sau da yawa ɗaki ɗaya ko biyu ne suka mutu, ba gidan duka ba.

| Hanya | Kuɗin farko | Kuɗin shekara-shekara | Ƙarkon bango | Samun ma'aikata | Babban haɗari | Kama da asali |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Yaɓe da makuba | Kaɗan zuwa matsakaici | Kowane rani | Mai tsawo, in ana kula | Da wuya | Sakaci da rufi | Cikakke |
| Shafen siminti | Matsakaici | Babu da farko, mai yawa daga baya | Yana raguwa a ɓoye | Da sauƙi | Laima da gara a bayan shafe | A ido kawai |
| Ƙasa da kwano da dakali | Matsakaici zuwa mai yawa | Kaɗan | Mai tsawo | Sai an haɗa magini da kafinta | Iska, toshewar magudana | Kusan cikakke |
| Sabon bulo | Mai yawa ƙwarai | Kaɗan | Sabon gini ne | Da sauƙi | Ha'incin kayan aiki | Kwaikwayo |

Cikin ɗaki

Kowace hanya aka bi a cikin ukun farko, ƙananan abubuwa ne ke gyara gida ko su ɓata shi. Daɓen gargajiya, wanda mata ke bugawa da madaɓi suna yayyafa makuba suna waƙa, yana da sanyi a ƙafa, amma masu yin sa sun yi ƙaranci, kuma ba ya son jan kujera. Tayil yana da sauƙin shara, sai dai yana tura laimar ƙasa zuwa gindin bango, don haka in za a sa, a tabbata an gama da maganar kwata tukuna. A zaure ni dai na fi son daɓen siminti mara sheƙi, a shimfiɗa tabarma da buzu.

Silin na roba ko na POP a ƙarƙashin ɗaurin guga asara ce biyu: an rufe abin da ya fi komai kyau a ɗakin, an kuma rufe alamar da za ta nuna rufi na ciwo. Wayar lantarki a bi da ita cikin bututu a kan bango, kada a sassaƙa mata hanya a jikin baka, domin azara ce a ciki. Famfo da banɗaki a nisanta su da bangon ƙasa, a yi musu nasu ginin na bulo a gefe. Tagogin da suke ƙanana kuma a sama, da gangan aka yi su haka saboda zafi da ƙurar hunturu da sutura. In ana son haske, ƙara ƙaramar taga ɗaya ya fi a fasa babba.

Tsohon ƙyauren katako mai ƙusoshin maƙera, ko ya tsufa, a gyara shi a mayar. In ana tsoron ɓarayi a sa na ƙarfe daga ciki. Na sha ganin an cire irin wannan ƙyaure an jingina a bayan gida har gara ta cinye, abin yana ɓata mini rai. Haka jeren tasoshi da kwanukan Hajiya: ba tarkace ba ne, adon ɗakin ke nan, kuma farar ƙasa ce ke fito da shi.

Lokacin aiki rani ne. A fara bayan an gama kaka, wajen Nuwamba, a kammala kafin ƙarshen Maris. Yaɓen da hadari ya tarar bai bushe ba, aikin banza ne.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In gidan cike yake da mutane, akwai babba mai faɗa a ji, akwai samarin da za su hau rufi, kuma kun san maginin da za ku kira, ku tsaya ga yaɓe da makuba, ku ƙara dakali da kwata. Ku ne kuka fi kowa dacewa da ita, musamman idan zaurenku yana da bakan gizo ko zanen ƙasa na asali.

In masu ɗaukar nauyin gidan suna Kaduna ko Abuja, sai da Sallah ko rasuwa ake haɗuwa, tsofaffi da yara ne kawai a ciki, to kada ku dogara da gyaran da sai an tuna da shi duk shekara. Ku ɗora kwano a kan rufin ƙasa, ku bar bakinsa ya fito, ko da zankwayen cikin gida za su tafi.

In fuskar gidanku tana da tsohon zanen siminti mai launi, ku riƙe shi, ku ƙwanƙwasa ku ji inda ya saki, ku gyara wurin kaɗai. Sabon shafe na bango duka kuwa, ban ga wanda zan ba shawararsa ba, ko da mai haya ne yake matsa muku.

In gidan na magada da yawa ne kuma kuɗi ya ƙi haɗuwa, ku fara da abin da ba a gardama a kansa: kwata, dakali, indararo. Sauran ya jira rani mai zuwa.

In kuwa magini da injiniya sun haɗu a kan cewa wani ɗaki ya mutu, a fitar da mutane daga cikinsa tun kafin Yuli, a rushe shi, a tayar da bulo a cikin gida inda ba a gani daga waje. Azarar da aka ciro mai kyau a ajiye ta a inuwa, a ɗora a kan duwatsu don kada ta taɓa ƙasa, za ta yi amfani ranar gyaran zaure.